Babur ya ƙi tashi bayan wata 14 a ajiye, a taimaki ɗan koyo

Sabon Hannu: Assalamu alaikum 'yan zaure. Tun farko ku yi mini uzuri, ni ɗan koyo ne, ban fi wata uku da fara riƙe sifana ba. Yayana ya bar mini tsohon babur ɗinsa, Honda CG125 mai kik, ba shi da sitata. Wata 14 yana jingine a ɗaki an lulluɓe shi da tamfol. Ranar da aka ajiye shi lafiyarsa ƙalau, da ƙafarsa ya shiga. Yau kwana huɗu ke nan ina fama, na buga kik har cinyata ta yi tsami, ko tari bai yi ba. Na sa sabon fulogi, na sa sabon batir, na ƙara fetur a kan wanda na tarar a tanki. Fitila tana kamawa, hon yana yi. Wani ya ce in sayi CDI, wato ɗan akwatin da ke sarrafa wutar fulogi, wani ya ce in sayi kafireta. Kafin in sake kashe kuɗi na ce bari in tambayi masu abin.

Saurin Kik: Wa alaikumus salam. CDI ne, kada ka ɓata lokacinka. Nawa ma haka ya yi mini, ina canzawa ya tashi a kik ɗaya.

Ɗan Wuta: Haba Malam, daga jin labari ka yanke hukunci? Mutumin bai ma ce ya duba wuta ba. Sabon Hannu, abu na farko, batir ɗin da ka saya ba shi da hannu a tashin wannan babur. CG mai kik yana samun wutar fulogi ne daga koyil ɗin da ke bayan maganeto, ƙafarka ce ke haifar da ita idan ka buga. Batir na hon ne da sigina. Akwai babura da CDI ɗinsu ke shan wuta daga batir, waɗannan kam idan batir ya mutu ba su tashi, amma naka ba ya cikinsu. Don haka hon da kake ji bai gaya mana komai ba.

Ka kwance fulogi, ka mayar da shi cikin hularsa, ka ɗora jikinsa na ƙarfe a kan kan inji inda babu fenti, nesa da ramin fulogin. Buɗe makulli, ka buga kik a inuwa. Ka gaya mana abin da ka gani. Kada ka buga kik fulogi yana reto bai taɓa ƙarfe ba, haka ake kashe koyil da CDI.

Sabon Hannu: Na yi, Oga. Akwai wuta, shuɗiya, har ina jin ƙararta ɗas ɗas. Kuma ta kama ni a yatsa, sai da na saki fulogin.

Ɗan Wuta: Hahaha, barka da shigowa sana'a. Nan gaba ka riƙe robar hular, ko ka danne shi da abu mai mariƙin roba.

Saurin Kik: Ganin wuta a waje ba hujja ba ce. Sau nawa fulogi ke ba da wuta a waje, a ciki ya ƙi?

Ɗan Wuta: A nan kam ka faɗi gaskiya. Cikin silinda iska a matse take, tartsatsi yana buƙatar ƙarfi fiye da na waje kafin ya tsallaka. Amma maganin wannan shakka gwaji ne, ba sayayya ba. Ya ɗauki tsohon fulogin da ya cire, ya lanƙwasa ƙugiyar bakinsa ta buɗe sosai, kamar milimita 6, ya sake gwadawa. Wutar da ta tsallake wannan tazarar a waje za ta tsallake 0.6 zuwa 0.7 da ake sa wa fulogin a ciki.

Sabon Hannu: Ta tsallaka. Ba kowane bugu ba, amma idan na buga da ƙarfi tana tsallakawa.

Ɗan Wuta: To ni na wanke hannuna, ɓangaren wuta lafiya. A bar CDI ya huta.

Direban Dare: Ku dai kuna wahalar da yaro. Ka sa shi a giya biyu, ka riƙe kuloci, a samu mutum biyu su tura ka, ka saki. Duk taurin kan babur sai ya tashi.

'Yar Bakanike: Idan ya tashi da turi, gobe da safe wa zai tura shi? Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne fetur. Ƙanena, ka ce ka ƙara sabo a kan tsoho. Fetur ɗin da ya yi wata 14 ya riga ya tashi daga aiki. Ɓangarensa mai saurin kamawa ya tsere cikin iska, abin da ya rage yana komawa danƙo-danƙo kamar ƙaro. Buɗe murfin tanki ka shinshina. Idan ka ji wari irin na tsohon fenti, ba irin na fetur ba, to ka juye shi duka. A ƙasan kofin kafireta akwai wani ɗan sukuru na zubar da mai. Sa kwalba mai haske a ƙarƙashi, ka sassauta shi, famfon tanki yana kan ON ko RES, wato man ajiya na ƙasan tanki. Ka duba abu uku: yana zubowa ba yankewa, wane launi ne, kuma akwai ruwa kwance a ƙasan kwalbar?

Sabon Hannu: Yaya, kamar kina wurin. Warin kamar na fenti. Da farko ɗigo-ɗigo yake, ja-ja haka, da wasu baƙin ƙwayoyi. Da na mayar da famfo kan RES sai ya ɗan ƙaru. A ƙasan kwalbar akwai wani ɗan ƙwallo mai yawo, ina jin ruwa ne.

'Yar Bakanike: Ruwa ne. Tankin da ba a cika ba yana yin gumi daga ciki, shi ke kawo ruwan da tsatsar. Juye tankin, kwance famfon ka wanke 'yar ragar da ke cikinsa.

Saurin Kik: To shi ke nan, kafireta ce. Sayi sabuwa ka huta.

Direban Dare: Ɗazu CDI, yanzu kafireta. Malam kai da mai sayar da kayan gyara kuna da alaƙa ne?

Tsohon Bakanike: Salamu alaikum. Tun safe nake karanta ku, ban ce komai ba. Ɗana, kada ka taɓa kafiretar nan tukuna. Ba don 'yata ta yi kuskure ba, abin da ta faɗa haka yake, kuma za mu dawo kansa. Sai dai akwai gwajin minti biyu da zai gaya mana ko mai ne kaɗai matsalar. Samu sabon fetur, ba na tankin ba. Zuba kamar rabin ƙaramin cokali a ramin fulogi, mayar da fulogin, ka ɗaure, ka buga kik sau huɗu ko biyar ba tare da ka murɗa totur ba. Ka ga yanzu ka tsallake tanki da kafireta gaba ɗaya, ka ba injin abincinsa a baki. Injin da ke da wuta a kan lokaci kuma yake matse iska dole ya amsa, ko da na daƙiƙa biyu ne. Ka kawar da kwalbar fetur ɗin nesa kafin ka buga.

Sabon Hannu: Baba barka da yamma, na gode da kuka sa baki. Na yi yadda kuka ce har sau biyu. Shiru. Sau ɗaya na ji wani ɗan "fuf" ta wajen kafireta, shi ke nan.

Tsohon Bakanike: Madalla, wannan "fuf" ɗin magana ce. Yanzu gaya mini, idan ka taka kik a hankali, akwai inda yake tsaya maka ya yi tauri, sai ka sa nauyinka kafin ya wuce?

Sabon Hannu: A'a Baba. Sumul yake sauka. Ko da hannu ina iya danna shi har ƙasa. Ni na ɗauka ma alamar lafiya ce.

Tsohon Bakanike: Ba lafiya ba ce. Rufe makulli, cire fulogi, toshe ramin da babban yatsanka sosai, wani ya buga maka kik. Lafiyayyen inji zai ture yatsan da ƙarfi, ba za ka iya riƙe shi ba.

Sabon Hannu: Iska tana ɗan taɓa yatsan, amma ba ta ture shi ba.

Saurin Kik: Inna lillahi. Ringi ya tafi. Sai an sauke inji, fistin da ringi, wataƙila har da gyaran silinda. Yayanka ya haɗa ka da aiki.

Mai Sifana Goma: A yi hankali dai. Kafin a ce ringi akwai yadda ake ganewa. A zuba ƙaramin cokali ɗaya na baƙin mai a ramin fulogi a sake gwadawa. Idan matsin ya dawo, ringi ne, domin man ya toshe gefen fistin na ɗan lokaci. Idan bai canza ba, ta sama iskar ke gudu, wato bawul ko gasket. Wanda ke da agogon auna matsi ya fi sauƙi: irin wannan injin idan yana da lafiya yana ba da 150 psi zuwa sama, totur a buɗe gaba ɗaya lokacin bugawa. Idan ya faɗo ƙasa da 90, tashinsa da kik sai an sha wuya. Kuma babur ɗin da ya daɗe a ajiye bawul ɗinsa kan maƙale a buɗe saboda tsatsa, na sha gani.

Tsohon Bakanike: Duk abin da Mai Sifana ya faɗa daidai ne. Amma ni wani abu ke damuna. An ce babur da ƙafarsa ya shiga ɗaki. Ringi ba ya cinyewa a tsaye, aiki ke cin sa. Maƙalewa tana yiwuwa, ban musa ba. Sai dai shekarun da na yi a wannan sana'a sun koya mini in fara tambayar hannun da ya taɓa inji kafin in tuhumi injin. Ɗana, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ban da fulogi da batir da fetur, me ka kwance a cikin kwana huɗun nan? Ko noti ɗaya ne ka faɗa.

Sabon Hannu: Baba, akwai abu ɗaya, ban ɗauke shi a bakin komai ba shi ya sa ban faɗa ba. Rana ta biyu na buɗe murfin kan inji don in ga ko akwai datti. Na taɓa waɗannan ƙarafa biyu masu danna bawul, na ji suna ɗan motsi, ƙas ƙas. Na ce to ga abin da ya kwance. Na sassauta notin, na ɗaure sukurun har motsin ya ɓace, na ƙara kamar rabin zagaye don kada ya sake kwancewa. Duka biyun.

Direban Dare: Wayyo Allah cikina. Garin gyaran gira!

'Yar Bakanike: Ku daina yi masa dariya, wa aka haifa da sifana a hannu? Ni na taɓa mayar da allurar kafireta ba tare da ƙullinta ba, kwana biyu mahaifina yana kallona bai ce uffan ba, sai da na gano da kaina.

Tsohon Bakanike: Alhamdu lillahi, ciwo ya bayyana, kuma mai arha ne. Ɗana, wannan motsin da ka kashe da gangan aka bar shi. Ƙarfe idan ya yi zafi yana miƙewa, shi ya sa ake barin 'yar tazara tsakanin sukurun da kan bawul, don bawul ya samu ya zauna daram a mazauninsa. Kai ka cinye tazarar, ka kuma ƙara rabin zagaye, wato ka danne bawul biyun a buɗe kaɗan. Fistin yana hawowa, iska tana fita ta gaba da ta baya. "Fuf" ɗin da ka ji wuta ce ta kama ta gudu ta bawul ɗin shiga zuwa kafireta. Kuma ka gode wa Allah da bai tashi ba. Bawul ɗin fita yana sauke zafinsa ne idan ya zauna a mazauninsa. Da ya yi tafiya a haka da ya ƙone, da maganar Saurin Kik ta sauke inji ta tabbata.

Ga yadda za ka gyara, kuma inji ya kasance da sanyi. Nemi ma'aunin tazara, wanda ke da siraran ƙarafa kamar reza, ka zaɓi mai lamba 0.08. Fara sassauta sukuran biyu su saki sosai. A murfin maganeto na gefen hagu za ka samu inda ake leƙa alama. Juya injin a hankali ta hanyar da yake juyawa idan yana aiki, kana kallon bawul ɗin shiga, na wajen kafireta. Zai nutse, ya dawo. Bayan ya dawo ka ci gaba kaɗan har alamar T ta yi daidai da tsagar da ke jikin inji. Kula da kyau a nan: T tana zuwa sau biyu kafin inji ya kammala aikinsa ɗaya, domin sau biyu yake juyawa. Wadda kake so ita ce ta bayan rufewar bawul ɗin shiga, inda ƙarafan biyu duk suke sake. Idan ka saita a ɗayar, za ka samu inji mai ƙara kamar keken ɗinki.

Zura 0.08 a tsakani, ɗaure sukuru har ka ji ma'aunin yana ja kaɗan amma yana zamewa. Riƙe sukurun kada ya motsa, sannan ka ɗaure notin. Sake aunawa bayan ka ɗaure, domin ɗaure noti yana jan sukuru. Wannan shi ne inda 'yan koyo ke faɗuwa.

Mai Sifana Goma: Baba, ni da ji nake saitawa, ban taɓa sayen ma'auni ba.

Tsohon Bakanike: Kai hannunka ya yi shekaru yana ji. Shi nasa jin ne ya kawo mu nan.

Sabon Hannu: Barkanmu da safiya. Na samo ma'aunin, na saita. Sai da na maimaita na wajen salansa sau uku, duk lokacin da na ɗaure noti sai tazarar ta ɓace, kamar yadda Baba ya faɗa. Yanzu kik ya yi tauri, har yana mayar mini da ƙafa. Na zuba rabin cokali a ramin fulogi, bugu na biyu YA TASHI! Ya yi kamar daƙiƙa uku ya mutu. Wallahi sai da na yi ihu ni kaɗai. Na juye tanki na sa sabon fetur. Yanzu da cok yana tashi, amma ina mayar da cok ko na saki totur sai ya mutu.

'Yar Bakanike: To mun dawo kan maganata. Wannan ita ce ainihin cutar da ta hana shi tashi ranar farko, ta bawul kai ka ƙaro ta. Babur ɗin da ba ya tsayawa sai da cok, ƙaramin jet ɗinsa ne ya toshe, wato ɗan bututun da mai ke bi a cikin kafireta, wanda ake kira sulo. Ramin da ke cikinsa bai kai rabin milimita ba, ɗan danƙon tsohon mai ya isa ya rufe shi. Shi ke ba inji mai lokacin tashi da lokacin da totur ke sake. Cok yana rage iska ne don inji ya zuƙo mai da ƙarfi, shi ya sa yake rufa asiri.

Rufe famfo, sauke kafiretar, ka ɗauki hoton kowane mataki da wayarka. Cire kofin ƙasa. Za ka ga jet biyu na tagulla, babba a tsakiya, siriri a gefensa. Sukundireban da za ka sa wa siririn ya cika tsagarsa daidai, tagulla ba ta da ƙarfi, idan ta tauye ka shiga uku. Ɗaga shi sama ka leƙa haske. Jiƙa shi a man wanke kafireta, ka bi ramin da silin waya ɗaya na jan ƙarfe, irin na cikin wayar lantarki, sannan ka hura. Kafin ka cire sukurun iska na gefe, murɗa shi ciki a hankali kana ƙirga zagaye har ya taɓa, ka rubuta, don ka mayar da shi inda yake. Akwai ɗan sifirin a bayansa, kada ya yi tsalle ya ɓace.

Saurin Kik: Allura ta fi sauri. Kuma ni har yanzu ina kan bakana, sabuwar kafireta ta fi wannan wahalar.

'Yar Bakanike: Allura ƙarfe ce mai tauri, tana faɗaɗa ramin. Daga nan babur ya koma shan mai da baƙin hayaƙi, fulogi kullum baƙi, kuma ramin da ya faɗaɗa ba ya komawa.

Mai Sifana Goma: Maganar sabuwa kuma, ba kullum take zama hutu ba. Ta asali da ke jikinsa an yi ta ne daidai da injin. Ta kasuwa sau da yawa lambar jet ɗinta daban, sai ɗan koyo ya samu kansa yana saitin abin da bai san farkonsa ba. Ni ina canza kafireta ne idan jikinta ya tsage, ko silaid, ƙarfen da totur ke ɗagawa a cikinta, ya cinye yana girgiza a ramin. Datti kuwa wankewa ake yi.

Saurin Kik: Ku masu lokaci ne. Wanda babur ne abincinsa ba zai kwana biyu yana leƙen rami ba.

Direban Dare: Nan kam ina bayanka. Da nawa ne da tuni na canza na fita aiki. Amma shi koyo yake, kuma babur ɗin ya yi wata 14 yana jira, kwana ɗaya ba zai kashe shi ba.

Ɗan Wuta: Ƙarin bayani kafin ya lalata sukuran kofin: na baburan Japan ba irin kan sukundireba mai kuros na gama-gari ba ne, nasu ma'aunin daban ne, JIS ake ce masa, wasu za ka ga ɗan ɗigo a kansu. Idan ba ka da irin nasu, danna da ƙarfi sosai kafin ka murɗa, ka ɗan bubbuga gindin sukundireban tukuna.

Sabon Hannu: Oga, gargaɗinka ya zo a makare, ɗaya ya riga ya tauye, da filaya na fitar da shi. Cikin kofin kore-kore ne da wani abu kamar yashi. Babban jet a buɗe yake. Siririn kuwa ko ɗigon haske babu. Minti 20 ina binsa da silin waya kafin wani ɗan baƙin abu ya fito, sai ga haske zagaye tas. Na haɗa, na mayar da sukurun iska yadda na ƙirga. Kik ɗaya da cok. Bayan minti biyu na mayar da cok, ya tsaya da kansa, tif tif tif. Yanzu haka ina rubutu yana aiki a gefena. Allah ya saka wa kowa da alheri, Baba Allah ya ƙara girma, Yaya na gode ƙwarai.

Tsohon Bakanike: Amin ɗana. Amma kada ka hau titi tukuna. Tunda ya ɗumama, kashe shi ka juye baƙin man, ya tsufa, kuma fetur ɗin da ka yi ta turawa kwana huɗu wani ya gangara ciki ya tsinka shi. Sa 'yar matatar mai a tiyon da ke tsakanin tanki da kafireta, don tsatsar tankin nan ba ta ƙare ba, za ta sake toshe maka sulo. Duba gefen tayoyi ko sun tsattsage, ka ja birkin gaba da na baya ka tabbata suna sakewa, ka shafa wa sarƙa mai.

Saurin Kik: Batir ɗin da ka saya a banza fa, ba za ka sayar mini ba?

Sabon Hannu: Hon yana so, Malam. Baba, wata tambaya: na ga wani ɗan ƙaramin zoben ƙarfe, irin wanda ake sa wa a ƙarƙashin noti, ya rage a cikin tiren da na zuba kayan kafireta, kuma ban san inda ya fito ba.

'Yar Bakanike: Ɗauki hotonsa kusa da fulogi mu ga girmansa. Kuma ka leƙa ƙasan kafiretar ko tana ɗiga.